Kowa ya san Predator da Die Hard, amma wa ya san John McTiernan?

A gidan kallon da muka riƙa zuwa muna samari, allo ake jinginewa a bakin ƙofa, a rubuta da alli abin da za a nuna bayan Isha'i. Ba kasafai ake wahalar rubuta sunan fim ba, sunan jarumi ya wadatar: yau Kwamando, gobe Rambo, jibi Bandam. Duk fim ɗin da Arnold Schwarzenegger ya fito a ciki, a wurinmu Kwamando ne, sai dai a bambanta a ce wanda ya zama mutumin ƙarfe ko wanda ya yi da dodon daji. Da rubutun farkon fim ya fara hawa, mai gidan kallon zai danna ya wuce da shi, don 'yan benci sun fara ihu a kai su wurin faɗa. A cikin rubutun nan da ake tsallakewa akwai sunan da ya sha gilmawa ta gabanmu ba mu kula ba, John McTiernan.

Shi ne daraktan fim ɗin dodon dajin, wato Predator, wanda ya fito a watan Yunin 1987. A Yulin 1988 ya saki Die Hard, fim ɗin ɗan sandan nan mai singileti da ya maƙale a dogon bene. A Maris ɗin 1990 kuma ya kawo The Hunt for Red October, na jirgin yaƙin ƙarƙashin teku. Uku a jere cikin ƙasa da shekara uku, kowanne ya ci kasuwa, kowanne kuma an yi ta haifa masa 'ya'ya da jikoki. Daraktocin da suka taɓa jera irin wannan a Hollywood ba su da yawa. Duk da haka, ko a Amurkar in aka ce a lissafa manyan daraktoci, Spielberg da Scorsese da Coppola da Tarantino ne ke fara zuwa baki. McTiernan sai wanda ya yi nisa a harkar. Rabonsa da fitar da fim tun 2003, kuma yana nan da ransa.

Abin da ya ja ni ga wannan rubutu shi ne wannan tazarar, ta tsakanin shaharar aiki da shaharar mai aikin. Mun saba ɗauka tare suke tafiya. Labarin McTiernan ya nuna kowace da hanyarta, kuma a masana'antar fim ta Amurka suna wata kadara ce da ake ginawa daban, wadda iya aiki kaɗai ba ya samar da ita.

An haife shi ranar 8 ga Janairun 1951 a Albany ta jihar New York. Ya fara da karatun wasan daɓe a makarantar Juilliard, daga baya ya koma cibiyar koyon fim ta AFI da ke Los Angeles. Ya daɗe yana yin tallace-tallacen talabijin kafin a 1986 ya samu ya yi fim ɗinsa na farko, Nomads, wanda shi ya rubuta da kansa, Pierce Brosnan kuma ya ja shi. Bai kawo kuɗi ba, masu sharhi ma ba su yi masa da daɗi ba. Amma waɗanda ke neman wanda zai riƙe Predator sun ga wani abu a ciki: wannan saurayin ya iya sa gaban mai kallo faɗuwa da ɗan kuɗi kaɗan.

A dazukan Meziko aka ɗauki Predator, kuma aikin ya sha tangal-tangal. Abin da da yawa cikin masoyan Bandam ba su sani ba, Jean-Claude Van Damme ne aka fara ɗauka ya shiga rigar dodon. Rigar farko ba ta yi ba, ga nauyi ga muni, shi ma bai jima ba ya bar aikin. Sai da aka dakata, Stan Winston ya ƙera sabon dodo, aka sa Kevin Peter Hall, wani dogo mai tsawon ƙafa 7 da 'yan kai, ya shiga ciki. Fim ɗin ya tattara kusan dala miliyan 98 a duniya, ninkin-ba-ninkin abin da aka kashe masa. (Biyu daga cikin 'yan wasansa sun zama gwamnoni daga baya, Jesse Ventura a Minnesota, Schwarzenegger a Kalifoniya.)

Wanda ya sake kallon fim ɗin da idon manya zai ga wata dabara da ta wuce mu a lokacin. Rabin sa'ar farko Kwamando ne sak: ƙarti masu damatsa sun faɗa sansanin 'yan tawaye, sun tashe shi, suna harbi suna barkwanci. An ba mai kallo abin da ya biya kuɗi dominsa. Daga nan sai fim ɗin ya fara ƙwace kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai wurin da aka kashe ɗayansu, abokinsa ya ɗauki babbar bindigar nan mai juyawa ya buɗe wa daji wuta, sauran suka zo suka taya shi ba tare da sun tambayi me ake harbi ba. Suka aske bishiyoyi, hayaƙi ya turnuƙe, harsashi ya ƙare, bindigar ta ci gaba da juyawa fayau. Da aka je dubawa, babu gawa ko ɗaya. Mu a benci tafi muka yi. Ashe shaguɓe ne ake yi wa irin finafinan da muke so, ana nuna cewa duk tarin makaman nan ba su tsinana komai ba. A ƙarshe jarumin sai da ya koma shafa taɓo a jiki don ɓoye zafin jikinsa, ya ɗana tarko da itace da igiya kamar maharbin ƙauye.

Die Hard ne inda gwanintarsa ta fito fili, kuma a nan ya kamata a ɗan zauna, don a nan amsar tambayarmu ta fara.

Kamfanin Fox ya biya Bruce Willis dala miliyan 5, kuɗin da ya tayar da ƙura a lokacin, domin ɗan wasan barkwanci ne na talabijin, ba wanda ya san shi da riƙe bindiga. Kamfanin da kansa ya tsorata, har wasu fastocin farko suka fi nuna benen a kan fuskarsa. Bos ɗin kuwa, Alan Rickman, ɗan wasan daɓe ne daga Ingila, wannan ne fim ɗinsa na farko. Benen da aka kira Nakatomi a fim ɗin, a lokacin hedikwatar Fox ce a unguwar Century City, mai sama da hawa 30, wasu hawan ma ba a gama aikinsu ba. McTiernan ya yi gyara biyu a labarin da suka canza masa ɗanɗano. Ya matsa a dunƙule komai cikin dare ɗaya, sannan ya ƙi yarda miyagun su zama 'yan ta'addan gaske. A ganinsa ta'addanci ba abin nishaɗi ba ne, amma kowa na son kallon ɓarayi masu wayo. Sai aka mayar da su 'yan fashi da suka fake da siyasa don su kwashe takardun kuɗi na dala miliyan 640.

Yanzu a dubi maganar ƙafa. A jirgin sama, tun kafin a shiga labari, wani fasinja ya ba jarumin, John McClane, shawara: in ka sauka, cire takalmi ka murza yatsunka a kan kafet, gajiyar tafiya za ta sake ka. Magana ce kamar ta cika lokaci. Ya isa ofishin matarsa, ya shiga banɗaki ya gwada, yana cikin haka harbi ya tashi, ya fita da gudu ba takalmi. Ya kashe na farko cikinsu, ya gwada takalminsa, ya yi masa kaɗan. Can tsakiyar fim ya yi kiciɓis da bos ɗin, wanda ya yi shigar burtu ya nuna shi ma kamamme ne, kyamara ta nuna idon bos ya sauka a kan ƙafafun nan. Da faɗa ya kaure, umarnin da ya ba yaronsa shi ne ya harbi gilasai. Sai ga jarumi yana jan jiki zuwa banɗaki, yana zare kwalba daga tafin ƙafa, jini na bin tayil. Zare ɗaya ne aka ja tun daga minti na farko har nan, ba a taɓa tsayawa an yi wa mai kallo bayani ba.

Haka McTiernan ya yi da ginin kansa. Duk wanda ya kalli fim ɗin sau ɗaya ya san walimar Kirsimetin da ake yi a ofishin a hawa na 30 take, ya san akwai hawan da ba a gama ba a sama da ita, ya san inda ramin lif yake, ya san rufin bene, ya san ɗan sandan da ke ƙasa yana magana da shi ta rediyo. Har wani hoto da leburori suka manna a bangon wani lungu ana wucewa ta gabansa fiye da sau ɗaya, don ka gane an dawo wurin ɗazu. Shi da mai ɗaukar hotonsa Jan de Bont sukan bar kyamara ta taso daga fuskar mutum, ta bi ta nuna abin da yake kallo, ta dawo, maimakon a yanka hoton gunduwa-gunduwa. Saboda haka kullum ka san ina jarumi yake, ina maƙiyinsa yake, taku nawa ne tsakaninsu, wace ƙofa ce mafita. Fargabar da mai kallo ke ji daga wannan sanin take fitowa. In ka kalli yawancin finafinan faɗa na yanzu za ka gane bambancin, ana ta gwabzawa amma ba ka san wa ke dama wa ke hagu ba.

Matsalar irin wannan gwaninta ita ce in ta yi kyau ba a ganinta. Wanda ya fito daga kallon Die Hard cewa zai yi Bruce Willis ya burge shi. Ba zai ce daraktan ya iya nuna masa taswirar gini ba, don bai ma san an nuna masa ba. Akwai daraktocin da hannunsu ke bayyana a kowane hoto. Tarantino surutun 'yan wasansa ke tona shi, Scorsese kiɗansa da zirga-zirgar kyamararsa, Hitchcock ma har fitowa yake yi a finafinansa na 'yan daƙiƙu, ga shirin talabijin da ya yi shekaru yana gabatarwa da fuskarsa. McTiernan irin maginin nan ne da in ya gama gida, iska na shiga, ruwa ba ya kwanciya, ƙofa ba ta cijewa, amma gidan sunan Alhajin da ya biya ake kiransa da shi.

Kuma Alhajin a nan ba wasa ba ne. A dokar Amurka, fim ɗin da kamfani ya ɗauki mutane suka yi masa, kamfanin ne ake ɗauka mawallafinsa. Yarjejeniyar ƙungiyar daraktoci ta ba darakta makonni 10 ya tace fim yadda yake so, bayan nan in ba ya cikin 'yan tsirarun da kwantiraginsu ya ba su ta cewa ta ƙarshe, kamfani na iya yankewa, ya ƙara, ya canza kiɗa, ya canza suna. Spielberg ya gane wannan da wuri. Ya kafa kamfanin fim na Amblin, a 1994 kuma ya haɗa gwiwa aka kafa na DreamWorks, sunansa ya riƙa hawa kan finafinan da ko umarninsu bai bayar ba. James Cameron shi ke rubuta labaransa, Terminator nasa ne tun daga takarda. George Lucas ya riƙe haƙƙin ci gaban Star Wars da na kayan wasan yara. McTiernan bayan Nomads bai sake zama mai labari ba. Predator wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta, Die Hard daga littafin Roderick Thorp aka ciro shi, Red October na Tom Clancy ne. Kira ake yi masa ya zo ya gina, a biya shi da tsoka, ya tafi. Lokacin da ya zaɓi yin Red October, Fox ba ta jira shi ba, ta miƙa Die Hard na biyu ga Renny Harlin, ya fito a 1990 ɗin, jama'a suka cika sinima ba wanda ya tambayi ina na farkon.

Sai kuma nau'in fim ɗin da ya ƙware a kai. Masu ba da kyautar Oscar sun daɗe suna yi wa fim ɗin faɗa kallon abincin kasuwa. Die Hard ya shiga takara a rukuni huɗu, duk na fasaha ne, irin su tacewa da sauti. Red October ya ci guda ɗaya, ita ma ta sauti. Shi kansa McTiernan ko sau ɗaya ba a taɓa sa shi a takarar gwarzon darakta ba. Spielberg ma sai da ya bar kifin shak da baƙin halittu ya yi Schindler's List a 1993 sannan ya karɓi tasa. Kyautar nan kuwa ita ce ke sa jarida ta riƙa liƙa wa mutum laƙabi har ya mutu. A fim ɗin faɗa fuskar jarumi ce haja. Wa ya ba da umarnin Commando na ainihi? Mark L. Lester. Rambo na biyu fa? George P. Cosmatos. Na tabbata mutum ɗaya cikin masu karanta wannan da wuya ya taɓa jin su, alhali ya haddace finafinan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan kuɗin ma kowa ya samu, sunan ne gardi ya tafi da shi.

Abin haushin ma, salon da ya ƙirƙiro da sunan fim ɗin aka yi ta kiransa. Shekaru bayan 1988, in marubuci zai tallata labarinsa a Hollywood sai ya ce Die Hard ne a jirgin ruwa, ko a jirgin sama, ko a bas. Na jirgin ruwan shi ne Under Siege na 1992, na bas ɗin kuma Speed na 1994, wanda Jan de Bont ɗin nan, tsohon mai ɗaukar hotonsa, ya ba da umarni.

Red October ya tara kusan dala miliyan 200, kuma akwai abu ɗaya a cikinsa da nake so a lura da shi. Jiragen ƙarƙashin teku uku ne a labarin, cikinsu duk kama ɗaya, bututu da allunan lantarki. Sai aka ba kowanne launin haskensa, da an yanko ka san cikin wanne kake. Ga kuma matsalar harshe: Sean Connery kyaftin ne na Tarayyar Sobiyet, ba zai yiwu ya yi sa'a biyu yana Rashanci ba. Sai aka fara da Rashanci, wani jami'i yana karanta wani nassi daga littafi, kyamara ta matso har bakinsa, ya iso kalmar Armageddon wadda kusan ɗaya take a harsunan biyu, kyamara ta ja da baya, maganar ta ci gaba da Turanci. An ƙulla yarjejeniya da mai kallo cikin daƙiƙa kaɗan.

Daga nan tauraron ya fara lumshewa. Medicine Man na 1992 bai yi wani tasiri ba. Last Action Hero na 1993 shi ne babban tuntuɓe: an kashe masa kimanin dala miliyan 85, an yi gaggawar kammala shi, sannan aka sake shi ranar 18 ga Yuni, mako ɗaya cif bayan Jurassic Park na Spielberg, wanda ya share sama da dala miliyan 900. Fim ne da ke zolayar finafinan faɗa, yaro ya faɗa cikin majigi ya tarar da jaruminsa. Shaguɓen da aka ɓoye a Predator a nan an fito da shi fili, masu kallo kuma ba su zo don a yi musu dariya ba. Ya farfaɗo a 1995 da Die Hard na uku, shi da Willis da Samuel L. Jackson, wanda ya tara kusan dala miliyan 366, yana sahun gaba a duniya a shekarar. The Thomas Crown Affair na 1999 ma ya yi kasuwa daidai gwargwado.

A wannan 1999 ɗin ne The 13th Warrior ya fito, fim ɗin da ya kamata a ce mu mun fi kowa saninsa. Jaruminsa Ahmad ibn Fadlan ne, mutumin gaske, wanda ya bar Bagadaza a shekarar 921 cikin tawagar da Halifa al-Muƙtadir ya aika wa sarkin Bulgar na bakin kogin Volga, ya kuma rubuta abin da ya gani na mutanen arewa da ya kira Rus, har da yadda suke ƙona gawar shugabansu a jirgin ruwa. Marubuci Michael Crichton ya ɗauki wannan ya gauraya da tatsuniya a littafinsa na 1976, fim ɗin kuma daga littafin aka yi shi, don haka kada a ɗauke shi tarihi. Antonio Banderas ne ya fito a Ibn Fadlan. Ba kasafai Hollywood ta kashe irin wannan kuɗi a kan fim ɗin da gwarzonsa Balarabe Musulmi ne mai ilimi ba, wanda ake nuna shi ya fi abokan tafiyarsa tsafta da karatu, har ya rubuta wa shugabansu kalmar shahada a ƙasa don ya nuna masa yadda ake zana magana. A nan ma McTiernan ya sake wasa da harshe. Ibn Fadlan na zaune bakin wuta dare bayan dare yana kallon leɓɓansu, maganarsu na shigo mana a matsayin hayaniya, sai kalma ɗaya ta fito sarai, sai biyu, sai jimla, har daren da ɗayansu ya zagi mahaifiyarsa ya mayar masa da martani cikin harshensu.

An ɗauki fim ɗin a Kanada tun 1997. Gwajin farko da aka yi da 'yan kallo bai yi daɗi ba, sai Crichton ya karɓe ragamar, ya sake ɗaukar wasu wurare, aka canza kiɗan, aka canza sunan, aka ajiye shi kusan shekara biyu. Da ya fito, abin da ya tara bai wuce dala miliyan 62 ba, alhali kuɗin da aka zuba sun haura miliyan 100. Ga mutumin da ya yi Die Hard, amma an iya ture shi daga ɗakin tace fim ɗinsa. Asarar kuma da aka tashi lissafi, a kansa aka rubuta ta.

Faɗuwa ba baƙuwa ba ce ga manyan daraktoci. Spielberg ya yi fim mai suna 1941 a 1979 an yi masa dariya, Coppola ya karye a kan One from the Heart a 1982 ya yi shekaru yana biyan bashi. Amma su suna da sunan da ke tsaya musu, ana cewa gwani ne ya yi tuntuɓe. Wanda darajarsa ke rataye da cinikin fim ɗinsa na ƙarshe ba shi da wannan katifar. Rollerball na 2002 ya ci kusan dala miliyan 70 ya dawo da ƙasa da 30, Basic na 2003 ma bai tashi ba.

Rollerball ɗin ne ya jawo abin da ya fi asarar kuɗi. A 2000, ana tsakiyar aikin, saɓani ya shiga tsakaninsa da furodusa Charles Roven kan alƙiblar fim ɗin. McTiernan ya ɗauki Anthony Pellicano, wani mai bincike mai zaman kansa da manyan Hollywood ke haya, ya saurari wayoyin Roven a ɓoye. Pellicano kuwa yana da ɗabi'ar naɗar hirarsa da masu ba shi aiki. Hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, ta kai samame ofishinsa a 2002, ta kwashe kayansa, daga baya aka yanke masa shekara 15. A Fabrairun 2006 wani jami'in FBI ya kira McTiernan a waya ya tambaye shi, ya musa. A Amurka yi wa jami'in tarayya ƙarya laifi ne mai zaman kansa, ko ba a rantsar da kai ba, ko ta waya ce. Ga kuma muryarsa a faifai.

Ya amsa laifi a Afrilun 2006, a 2007 aka yanke masa wata huɗu da tarar dala 100,000. Sai ya canza lauyoyi, ya nemi janye amsawar, aka shiga ɗaukaka ƙara. Garin neman gira aka rasa ido: masu gabatar da ƙara suka ƙara masa da tuhumar yi wa kotu ƙarya, a Oktoban 2010 hukuncin ya koma shekara ɗaya. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronsa a Janairun 2013, a Afrilu ya shiga gidan yarin tarayya na Yankton a Dakota ta Kudu, ya fito a Fabrairun 2014 ya ƙarasa sauran a ɗaurin talala a gonarsa ta Wyoming. Yana tsare ya shigar da takardar karayar arziki. Ni a ganina zaman gidan yarin bai kai shekaru bakwai na shari'ar illa ba. Babban fim ba ya tashi sai da inshorar da ke lamunce cewa za a kammala shi, kuma ba mai lamunce daraktan da ba a san ranar da za a kulle shi ba. Shekarun da ya kamata ya yi amfani da su ya goge Rollerball daga zukatan mutane, a kotu suka ƙare. Laifin dai ya aikata, ba wanda ya ɗora masa. Amma Hollywood ta sha yafe wa waɗanda suka yi abin da ya fi wannan muni, in dai sunansu na sayar da tikiti. Roven kuwa ya ci gaba da harkarsa, shi ne cikin furodusoshin finafinan Batman na Christopher Nolan, a 2024 kuma ya hau dandamali ya karɓi Oscar ta Oppenheimer.

Inda sunan McTiernan ya fi nauyi yau, abin mamaki, Faransa ce. Da dalili. Masu sharhin mujallar Cahiers du Cinéma, irin su François Truffaut, su ne tun shekarun 1950 suka kafa ra'ayin cewa darakta shi ne marubucin fim na haƙiƙa, kuma sun gina ra'ayin ne a kan daraktocin Hollywood da Amurkawa ke ɗauka 'yan kwangila kawai, irin su Howard Hawks da Hitchcock. Dokar Faransa ma ta lissafa darakta cikin mawallafan fim. Mai kallon da aka rena a kan wannan tarbiyya yakan nemi hannun magini a jikin bango. Lokacin da McTiernan ke tsare, masoyansa a Faransa ne suka tayar da gangamin neman a sake shi a Facebook, kuma watanni kaɗan bayan fitowarsa, a Satumban 2014, bikin finafinan Amurka na garin Deauville ya karrama shi.

A gida kuwa karramawar finafinan ta bi. A 2007 Bruce Willis ya miƙa singiletin nan mai jini ga gidan tarihi na Smithsonian. A 2017 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa Die Hard cikin kundin finafinan da ƙasa za ta adana. Duk Disamba sai an sake tayar da gardamar ko fim ɗin Kirsimeti ne ko a'a. Predator ya koma hannun Disney tun da ta sayi Fox a 2019, ana ta yin sababbi da wasu daraktoci. Die Hard na biyar ya fito a Fabrairun 2013, ya tara kusan dala miliyan 300 duk da masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, makonni kaɗan kafin wanda ya kafa gidan ya miƙa kansa a Yankton. Aikin da aka gani daga hannunsa a 2017, shekarar da Die Hard ya shiga kundin ƙasa, shi ne wani gajeren tallan wasan kwamfuta mai suna Ghost Recon Wildlands.